Takalma a Bakin Ɗakin Kwamfuta

Tun da na dawo daga Kano ba a bar ni na huta ba. A lakwal, wato makaranta, a gidan biki, har a bakin famfo, tambayar ke nan: "Fassuma, yaya Kano? Me kika gano?" Na san rabinku tsaraba kuke nufi, ita kuwa ta riga ta ƙare. Amma tunda bakina ya gaji da maimaitawa, ga shi na rubuta, duk wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata. Mai jiran labarin kasuwar atamfa da gadojin sama ya nemi wani matafiyin. Ni abin da na gano ɗaki ne guda ɗaya, da wani tsoho da ya ƙi taka cikinsa.

Ga wanda bai san ni ba, aikina a nan Damagaram shi ne koya wa malaman firamare yadda za su koyar da yara salula da intanet: yadda ake neman bayani, yadda ake gane na ƙarya, yadda ake karanta taswira, da yadda ake adana abu kada ya ɓace. Ba na jiran manyan na'urori. Salula ɗaya ta ishi aji guda in malamin ya san abin da yake yi. A wani taron malamai na haɗu da Malama Saude, 'yar cikin birnin Kano, ta ga yadda nake yi, ta kama ni da magiya. Ta ce tsofaffin ɗaliban makarantarsu da suka yi arziki a wasu garuruwa sun aiko an gina musu ɗakin kwamfuta, an zuba kaya, malamai kuma ba su san ta inda za su kama ba. Da muka sami hutun damina, su kuwa ba a ba su nasu ba tukuna, na ɗaure kayana.

Hanya ba ta da wani labari har Matamaye, in ban da wani bawan Allah da ya shigo da kaji a kwando, ya ajiye mini a kan ƙafa, ya ce in yi haƙuri ba sa cizo. A kan iyaka namu suka duba takarda suka sallame mu. Da muka tsallaka, wani jami'i mai tumbi ya buɗe kwalina, ya ga tsofaffin salulolin da nake koyarwa da su.

"Hajiya, fatauci ake yi?"

"Malama ce ni. Da su nake koyarwa."

"Kowa haka yake cewa." Ya zaro tasa daga aljihu. "In malama ce ke, ga wannan. Kullum sai ta ce ta cika, ni kuwa ban zuba mata komai ba."

Na duba, sai ga gaisuwar Juma'a ta shekara da shekaru, da bidiyon bukukuwan mutanen da shi kansa bai sani ba. Na nuna masa yadda ake sharewa. Kafin in ɗago kai abokan aikinsa sun yi layi, kowa da tasa a hannu. Direba na ta danna oda, mai kaji na ta tsaki, ni kuwa na buɗe aji a gindin dogon yaro.

Daga nan sunayen abubuwa suka canza. Salula ta zama waya, kuran ya zama wuta, rezo ya zama sabis, ni kuma da ake ce wa Madam na zama Malama Fatima, don Bakano ba zai wahalar da harshensa da Fassuma ba. Zan bi su da nasu sunayen daga nan, tunda a gidansu nake.

Mun shiga Kano bayan azahar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ɗan adaidaita ya kai ni inda ƙarfinsa ya ƙare, ya ce, "Daga nan sai ƙafa, Hajiya." Na ce a raina mai koyar da taswira ba ta ɓata. Na buɗe waya na shiga lungunan unguwar Sheshe. Ɗigon nan shuɗi da ke nuna inda mutum yake ya dinga tsalle yana faɗawa gidajen mutane. Katangu dogaye ne, lungu ya haifi lungu, kina jin daka da kukan jariri da karatun yara a kusa da kunnenki, amma ba ki ganin kowa. Na yi ta wuce wani tela har ya daina amsa sallamata ya fara dariya.

"Gidan wa ake nema?"

"Gidan su Malama Saude."

"Baƙuwa ce ke. A birni ba a neman gida da sunan 'ya. Sunan kakanta fa?"

Ban sani ba. Dole na ajiye girman kai na kira Saude, ta zo ta kama hannuna.

A gidan mahaifiyarta aka sauke ni, Hajiya Yalwa, wadda kowa ke ce wa Iya. Tsohon gidan ƙasa ne, soro bayan soro, da duhu ko da rana tsaka, da sanyi irin na cikin randa. Sabis ba ya ratsa katangar, sai mutum ya hau matakalar bene ya ɗaga hannu. Iya na ganina ta ce, "Lale da bayinmu, an kawo gaisuwa?" Na ce, "Mun zo duba gonakinmu ne, Iya, mu ga ko kuna kula da su." Kun san mu da Kanawa akwai wasa. Ta cika ni da funkaso da miyar taushe, da safe gurasa da ƙuli da yaji har ina hawaye.

Abin da ya fi abincinsu bambanta da namu shi ne maganarsu. Mu in miya ta yi gishiri, cewa muke miya ta yi gishiri. Iya kuwa sai ta ɗanɗana ta ce wa jikarta, "Yau gishiri ya yi araha a kasuwa." Magana a cikin birni irin lungunansu ce, ba ta miƙewa. A lokacin dariya abin yake ba ni, ban san zan zo in ci karo da shi ba.

Makarantar tana can cikin unguwar Madabo. Muna fita daga wani matsatsen lungu sai ga fili ya buɗe, mai faɗi, abin mamaki a unguwar da akuya ma ba ta da wurin juyawa. Azuzuwa sun kewaye shi ta gefe-gefe. A tsakiya cak, shi kaɗai, ga sabon ɗakin kwamfuta mai shuɗin rufi.

Ana kaɗa ƙararrawa na ga abin da ya tsaya mini a rai. Yara suka fito da gudu za su wancan ɓangaren, amma ba wanda ya ratsa filin. Duk suka bi gefe, suka yi baka, suka zagaya. Malamai ma haka. Wata akuya ta shigo ta ƙofa, ita ma ta bi gefe. Ba katanga, ba kwata, ba ƙaya, fili ne fetal, amma ƙafa ta sassaƙa hanya a kewayensa ta bar tsakiyar da ciyawa. Ko masu zuwa sabon ɗakin sai sun zagaya har daidai ƙofarsa, sannan su shiga da sauri ta wata siririyar hanya. Ni kuwa na miƙe tsaye na ratsa. Ƙasar ta ɗan lotsa a ƙarƙashin ƙafata kamar na taka katifa. Wata tsohuwa mai sayar da ɗanwake a bakin ƙofa ta bi ni da kallo ta ce, "Sannu, baƙuwa." Ba wanda ya gaya mata ni baƙuwa ce.

Hedimastan, Malam Kabiru, saurayi ne mai zafin nama, daga wajen ganuwa aka turo shi, bai daɗe ba. Mutumin kirki ne, yana son makarantar ta ci gaba, kuma yana ji da ɗakin nan kamar ɗansa. Ya shimfiɗa masa kafet, ya kafa doka kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ina shiga sanyi ya kama mini tafin ƙafa. Ba fanka, ba wuta a lokacin, amma ɗakin ya fi soron Iya sanyi, yana warin laka da ganyen bado. Muna cikin gabatar da juna, da rana tsaka, kwaɗi suka fara kuka. Na leƙa taga ban ga ruwa ba. Sai daga baya na gane daga ƙarƙashinmu kukan yake fitowa.

Malamai duk sun hallara sai mutum ɗaya. Malam Inuwa, malamin aji uku, dattijo mai farin gemu da ke zuwa a keke daga Zaitawa. Yana zaune a kan benci a barandar ajinsa, can gefen fili, ya aiko a gaishe ni.

"Ga matsalata can," in ji Malam Kabiru. "Tun da aka buɗe ɗakin nan bai taɓa shigowa ba. Kuma an riga an yanke: duk malamin da bai gama horon nan ya koyar da darasin gwaji a ɗakin nan gaban mai duba makarantu ba, za a karɓe ajinsa a ba wani. Na gaya masa, ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Wani matashin malami ya ce tsoron kwamfuta yake yi. Aka ɗan yi dariya. Na lura manyan malaman ba su yi ba, Saude kuma ta duƙar da kai tana gyara mayafi.

Da aka tashi na je na sami Malam Inuwa da bakina na Damagaram. Na miƙa masa waya na ce mu gani. Wallahi kafin la'asar mutumin nan ya iya neman bayani, ya iya buɗe hoto ya ƙara masa girma da yatsa biyu, har yana tambayata yadda za a san wanda ya rubuta abu. Ya fi rabin na cikin ɗakin saurin ɗauka.

"Malam, kai ba tsoron na'ura kake yi ba. Me ya hana ka shiga?"

"Ƙafa ce, Malama."

"Ƙafar da ke tuka keke daga Zaitawa? Za a karɓe maka aji a kan taku kaɗan?"

Ya yi murmushi ya ce, "Yaran nan na koyar da iyayensu. Ba na so in bar su." Raina ya ɓaci, na tafi ina cewa taurin kai ma sai a Kano.

Ranar da muka zo darasin taswira, Malam Kabiru ya kawo 'yan aji shida su kalla. Suka tuɓe silifas ɗinsu suka jera a bakin ƙofa. Na raba wayoyi, na ce kowa ya buɗe hoton unguwa wanda aka ɗauka daga sama, ya nemo makarantarsu. Aka yi ta hayaniya, wannan ya ga masallaci, wancan ya ga rufin gidansu. Sai hayaniyar ta fara mutuwa.

Azuzuwa suna nan a gefe. Amma a tsakiya ba fili, ba ɗaki. Ruwa ne baƙi, shimfiɗe, da koren bado a bakinsa. Ɗigon kowannenmu yana zaune a tsakiyar ruwan.

Na yi maza na ce, "Tsohon hoto ne, ba a sabunta shi ba. Wannan ma darasi ne." Gaskiya na faɗa. Amma ina cikin magana na ga ɗigona ya fara tafiya a hankali, ni kuwa ina tsaye wuri ɗaya. Na duba ta Saude, nata ma yana tafiya. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk ɗigogin suna sulalewa sannu-sannu kamar ruwa na jan su, har suka taru a wuri guda, ɗan gabas da tsakiyar ruwan, suka tsaya. Na san rufin kwano yana rikita wannan abin, na sha gani. Amma in ya rikita, kowa nasa wuri yake yi. Ban taɓa ganin sun taru ba.

Saude ta kife wayarta a kan tebur. Wata dattijuwar malama ta yi a'uziyya a hankali. Malam Kabiru ya ce, "Au, da kududdufi ne a nan?" Ba wanda ya amsa masa, sai kwaɗi. Na juya wajen taga don in sha iska. Can a bakin fili, daidai inda hanyar zagaye ta bi, Malam Inuwa na tsaye. Ba ɗakin yake kallo ba. Silifas ɗin yaran da ke jere yake kallo. Ya daɗe a haka, sannan ya juya ya koma ajinsa.

Da yamma ruwa ya sauko. Iya na zaune a rumfa tana feraye kabewa, na zauna kusa da ita na ce yau ba zan tashi ba sai an gaya mini. Ta fara da tsadar kabewa, ta bi ta kan yadda da can ake haƙar ƙasa a gina gidaje, ramin ya zama kududdufi, kowace unguwa da nata. Na bar ta ta gama zagayenta. Can ta ajiye wuƙa.

"Inuwa yana da 'ya. Ƙarama, ba ta daɗe da fara zuwa allo ba. Wata damina irin wannan aka yi ruwa, kududdufin ya cika ya batse. Aka neme ta aka rasa. Sai takalmanta aka samu a bakin ruwa, a jere, kamar ta tuɓe za ta shiga ɗaki. Masu iyo sun shiga, masunta sun zo da koma. Ruwan bai bayar ba. Daga baya aka yi ta zuba shara, shekara da shekaru, har ya cike, aka baje ƙasa a kai. Shi kuwa ya nemi a dawo da shi makarantar nan, bai sake barinta ba."

"Kowa ya sani?"

"Duk ɗan unguwa."

"To me ya hana a gaya wa hedimasta? Me ya hana a faɗa tun kafin a gina ɗakin?"

Ta dube ni kamar na tambayi abin da yaro ma ya sani. "'Yar fari ce. Kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Tana raye bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta gaban mutane ba. Ranar da abin ya faru, shi ke ba mutane haƙuri. Wanda ya rufe abinsa haka, wa zai je ya tona masa?"

Na ce mu ma muna da kunyar ɗan fari, amma ba za mu bar mutum ya rasa aikinsa a kanta ba. Gobe da safe zan sami Malam Kabiru.

"Ki je," in ji Iya. "Sai a bar masa aji don tausayi, ya ji a bakin yara an ce saboda 'yarsa ne. Ranar zai ajiye alli da kansa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, 'yar Damagaram." Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba.

Ban taɓa jin bakina ya yi mini nauyi irin na ranar ba. Na san maganar da za ta cece shi, kuma ita ce za ta kore shi.

Washegari Malam Inuwa da kansa ya kira ni. Ya matsa mini a benci ya ce, "An ce kin ga ruwa a waya. A nuna mini."

Na buɗe na ba shi. Ya ƙura wa hoton ido. Sannan ya fara nunawa da ɗan yatsa: nan masu wanki suke shanya, nan wata goruba take, nan ake gangarawa. Ya sa yatsa biyu a bakin ruwan ta yamma, ya ƙara girma, ya ƙara, ya ƙara, har hoton ya dushe ya zama dabbare-dabbare, bai daina ba. Na san abin da yake nema. Na kau da kai, don hoton bai kai tsufan haka ba, kuma daga sama ba a ganin takalmin yaro.

"Zai zauna haka?" ya tambaya.

"A'a. Wata rana za su sa sabo."

"To koya mini adanawa."

Na koya masa. Ya adana a tasa wayar, ya buɗe ya tabbata yana nan, ya rufe, ya sake buɗewa. Daga nan na wuce ofis na gaya wa Malam Kabiru cewa ni hanyata waya ɗaya ce a ko'ina, don haka a bar kowa ya yi gwaji inda ya ga dama. Ya ce doka ta ce a ɗaki. Na ce to ni ma ba zan sa hannu a kan kowa ba. Muka yi ta ja, har ya ce shi ba ruwansa, in mai dubawa ta ƙi, kada a ga laifinsa.

Ranar gwaji gari ya yi lumshi, ba rana ba ruwa. Mai dubawa ta zo, wata Hajiya mai tabarau da ba ta dariya. Malamai suka yi nasu a ɗaki da 'yan aji shida, lafiya lau. Da aka kira Malam Inuwa, sai muka ji muryarsa daga waje yana cewa, "Aji uku, ku biyo ni." Hajiya ta ɗaga gira, ta sa takalmi ta fita. Malam Kabiru ya tsaya a bakin ƙofa da safa a ƙafarsa, fuska a haɗe.

Tsohon ya ɗora yaran a kan hanyar zagaye, waya a hannu.

"Me ya sa ba kwa ratsa filin nan?"

"Haka muka ga ana yi, Malam."

Ya duƙa ya nuna musu. Suka yi cincirindo, suka ja da baya, wata ta kama rigar ƙawarta. Ya ce, "Waya ta ce ruwa, ido ya ce ƙasa. Wa ya yi ƙarya?" Wasu suka ce waya, wasu suka ce ido. Ya bar su suka yi ta musu, sannan ya ce, "Ba wanda ya yi ƙarya. Duk abin da waya ta nuna muku, ku tambaye ta: yaushe? Sannan ku je ku tambayi wanda yake wurin." Na ga Hajiya ta gyara tabarau.

Ya ja su suna tafe a bakin ruwan da babu, yana nuna musu a waya yana nuna musu a ƙasa, nan wanki, nan goruba. Har suka iso daidai inda siririyar hanyar ɗakin ta rabu da ta zagaye. Ya tsaya. Silifas ɗin 'yan aji shida na jere a gabansa.

"Nan ake gangarawa," ya ce. "A nan aka taɓa samun takalman wata yarinya."

Wata 'yar ƙarama mai kitso biyu ta ce, "Malam, ita fa?"

"Ba ta je ko'ina ba."

Ba wanda ya motsa. Kwaɗin ma suka yi shiru, kuma shirun ya fi kukan ban tsoro. Na dubi Malam Kabiru. Ya kalli takalman, ya kalli tsohon, ya kalli manyan malaman da duk suka sunkuyar da kai. Sannan ya dubi inda ƙafarsa take. A hankali ya sauko daga dokin ƙofar, da safarsa, ya bi ta kan jiƙaƙƙiyar ƙasa har ya zo ya tsaya kusa da Malam Inuwa a kan hanyar zagaye. Bai tambayi komai ba. Da Hajiya ta matso, sai ya ce mata, "Ranki ya daɗe, 'yan aji uku a baranda za su riƙa yin nasu. Ɗakin ya yi musu sanyi." Ta dube shi, ta dubi tsohon, ta ce darasin da ta gani ya ishe ta. A raina na ce yaron nan ya zama ɗan birni.

Aikin ƙarshe da nake ba malamai shi ne taswirar unguwa ta haɗin gwiwa, kowa ya kafa alama a wuri ɗaya ya sa masa suna, don yara su ɗora a kai. Wani ya sa masallaci, wata ta sa tsohuwar rijiya. Malam Inuwa ya karɓi waya a bencinsa. Na zaci bakin ruwa zai sa. Sai ya wuce, ya kai yatsansa cikin ruwan, ɗan gabas da tsakiya, ya danna. Nan ne daidai inda ɗigoginmu suka taru, shi kuwa ba ya ɗakin a ranar.

"Malam, wani ya gaya maka wurin nan?"

"A'a."

Waya ta nemi suna. Na buɗe baki na ce, "Faɗa mini in rubu..." sai na cije harshena. Bai nuna ya ji ba. Ya kusanto da wayar, ya sa yatsa ɗaya, yana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa a rufe gam. Da ya gama ya daɗe yana kallo. Ya miƙo mini ya ce, "An gode, Malama." Ni ce na yi kukan, shi ke ba ni haƙuri.

Dawowa ba ta da labari. Iya ta haɗa ni da alkaki ta ce in kai wa sauran bayinsu. Jami'in kan iyaka ya gane ni, ya ce wayar ta sake cika.

Bayan an yi girbi, ina tsakar gida ina tankaɗe, salulata ta yi ƙara. Malam Inuwa ne. Muka gaisa irin tasu, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan bana, har na zaci gaisuwar ce kawai. Sannan ya ce, "Malama, sun cike shi karo na biyu."

Na karkaɗe hannu na buɗe taswirar. Sun sa sabon hoto. Ba ruwa, ba bado, sai fili da shuɗin rufi, da farar hanya da ta yi baka a kewaye.

"Wanda ka adana fa?"

"Yana nan. Da shi nake koyarwa." Ina jin hayaniyar yara a bayansa. "Ki duba mini ta wajenki. Alamar tana nan?"

Tana nan, a kan rufin ɗakin, da rubutunsa a ƙarƙashinta. Na ce, "Tana nan, Malam." Ya ce alhamdu lillahi, aji na jiransa.

Duk wadda na ba labarin nan sai ta ce, "To wane suna ya rubuta?" Kun san ni, ba a ajiye magana a wurina. Amma wannan kam ku daina tambaya. Ubanta bai faɗa ba, ni ma ba zan faɗa ba.